Kaduna: Garin Kaboyin Da Ba Mu Yi Wa Fim Ba

Duk wanda ya yi ƙuruciya a lokacin da finafinan kaboyi ke tashe, ya san kamannin garin kaboyi ko da daga barci aka tashe shi. Titi ne guda ɗaya miƙaƙƙe, ƙura na tashi. Ga tashar jirgin ƙasa a ƙarshen titin, ga banki, ga gidan giya mai ƙyaure biyu masu lilo, ga ofishin ɗan sandan gari mai tauraro a ƙirji. Kowa a garin baƙo ne. Ba za ka taɓa jin wani ya ce nan kakana ya haifi ubana ba. Wani neman zinari ya kawo shi, wani bashi ya koro shi, wani kuwa jirgi ne ya sauke shi kuɗin gaba ya ƙare. Can nesa a kan duwatsu sai a nuno wasu mutane bisa dawaki, da gashin tsuntsu a ka, waɗanda 'yan kallo ke kira Indiyawan daji. Aikinsu a fim bai wuce su yi ihu, su kawo hari, jarumi ya harbe su, silima ta ɗauki tafi ba.

Ni a Kakuri na tashi, tsallaken kogin Kaduna ta kudu, kuma duk lokacin da na duba tarihin garinmu sai in ga ai irin wancan garin ne sak. Jirgin ƙasa ne ya haife shi, soja suka raine shi, baƙi suka cika shi, kuma shi ma yana da nasa mutanen da aka tarar aka mayar gefe. Bambancin kawai, Amurkawa sun yi finafinai ba iyaka a kan nasu garuruwan, mu kuwa har yau ban ga fim ɗin Hausa ko littafin hikaya da ya tsaya tsaf a kan yadda aka kafa Kaduna ba.

Bari in ɗauki jiha guda a Amurka in yi misali da ita, wato Oklahoma, domin labarinta kamar tatsuniya yake. A 1830, zamanin Shugaba Andrew Jackson, aka yi dokar kwashe ƙabilun asali daga gabashin ƙasar a mayar da su yamma da kogin Misisipi. 'Yan ƙabilar Cheroki an kora su kamar dabbobi a 1838 zuwa 1839, dubbai suka mutu a hanya saboda sanyi da yunwa da cuta. Inda aka zube su aka ce nan ne nasu har abada. To, har abadan ba ta yi nisa ba. Ranar 22 ga Afrilu, 1889, aka buɗe wani yanki na tsakiyar ƙasar ga masu neman gona. Aka jera mutum wajen 50,000 a bakin iyaka, wasu kan doki, wasu a keken doki, wasu cikin jirgin ƙasa. Ƙarfe 12 na rana aka ba da alama, kowa ya zura da gudu. Duk inda ka riga kowa kafa turke, eka 160 ta zama taka. Garin Guthrie, wanda da safe tashar jirgi ce kawai, kafin rana ta faɗi ya tara mutum wajen 10,000 cikin tantuna. A 1907 Oklahoma ta zama jiha ta 46.

Wannan tseren an yi masa fim mai suna Cimarron a 1931, daga littafin marubuciya Edna Ferber, har ya ci kyautar Oska ta gwarzon fim. Jaruman labarin su ne masu gudun. Sai a 2023 darakta Martin Scorsese ya fito da Killers of the Flower Moon, wanda ya nuna yadda aka riƙa kashe 'yan ƙabilar Osage ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1920, a wannan jihar dai, saboda man fetur da aka samu a ƙasarsu. Shekara 92 ke nan tsakanin finafinan biyu. Ƙasa ɗaya ce, amma inda aka girke kyamara ya bambanta.

Yanzu mu dawo gida. A waccan shekarar ta 1907 da Oklahoma ta zama jiha, a ita ce Turawa suka ɗauko aikin layin dogo daga Baro, bakin kogin Kwara, zuwa Kano, tafiyar sama da mil 350. Gwamnan Arewa na lokacin, Percy Girouard, shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne. Layin ya ƙetare kogin Kaduna, ya bi ta Zariya, ya isa Kano a 1911. Ba injin ne ya yi aikin ba, hannun talakawa ne. Hakimai da dagatai aka ɗora wa kawo mutane daga ƙauyuka, shi ne abin da iyayenmu ke kira aikin diga. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, ya ga abin da idonsa har ya rubuta Waƙar Diga. Daga baya Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja.

A lokacin hedikwatar Arewa tana Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum, ita ma a bakin wannan kogi na Kaduna take, can ƙasa. Zafi da sauro sun ishi Turawa a can. Da Gwamna Lugga ya dawo Nijeriya a 1912, sai ya sa ido a kan wurin da layin dogo ya ƙetare kogin. Ga ruwa, ga jirgi, ga fili, sannan kuma ba fadar wani babban sarki ba ce balle a riƙa lissafin wa ke sama da wa. A 1913 aka fara kwaso sojoji, a 1917 ofisoshin gwamnati suka tare. Shi ya sa ake mata kirari da garin Gwamna. Kano da Katsina da Zariya ganuwa ta kewaye su tun kaka da kakanni. Kaduna a kan takarda aka fara zana ta.

Kuma tun a zanen aka raba mutane. Turawa na da unguwarsu, aka bar fili na yadi 440 wanda ba a gini tsakaninsu da baƙar fata, wai don gudun cizon sauro. Soja na barikinsu. Akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu na Sabon Gari, leburori 'yan Arewa na Tudun Wada. Mu namu tsallaken aka bar wa tashar jirgi da gidajen ma'aikatan reluwe. Da layin gabas ya taso daga Fatakwal ya biyo Inugu da Makurɗi da Kafanchan ya iso a 1927, a tsallakenmu ya haɗu da layin Ikko zuwa Kano. Daga nan tashar ta zama mararraba, duk mai zuwa Arewa daga teku sai ya ratsa ta ƙofar gidanmu.

Aikin wannan layi na gabas ne ya kawo kakana. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina ya taso yana saurayi, da niyyar ya yi rani ɗaya ya tara kuɗin haraji da na aure ya koma. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Malam ya zo cin rani, rani ya cinye shi." Bai koma ba. Ya zama mai gyaran layi, ya yi bukka kusa da tasha, daga baya aka kawo masa ita. Ta ce ranar da ta sauka daga jirgi ta ji harsuna sun fi biyar kafin ta kai gida, ga Banufe mai jirgin ruwa, ga Bayarabiya mai sayar da atamfa, ga Inyamuri makanikin jirgi, ga tsohon soja da ya yi yaƙin Kamaru yana wata irin Hausa da ba ta taɓa ji ba. Wannan Hausar ta bariki ita ce marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi kansa Banufe ne kuma tsohon soja, ya mayar abin dariya da ƙauna a wasan Samanja. Kalmar bariki ma da muke amfani da ita, da ɗan bariki da zaman bariki, ai sunan irin wannan rayuwa ce, inda ba dangin iya ba na baba, kowa wayonsa ne gatansa.

To, amma wa aka tarar? Nan ne fa gizo ke saƙa. Idan ana ba da labarin kafa Kaduna, sau da yawa za ka ji an ce daji ne kawai da kadoji, har ma ana cewa daga kadojin ne sunan garin ya fito. Mutanen Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwarawa, suna da nasu bayanin, sun ce daga kalmarsu ta kogi ne. Ko ma wanne ne daidai, sunayen unguwanni ba su ɓoye komai ba. Akwai Kurmin Gwari. A cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu akwai Kakuri Gwari, akwai Kakuri Hausa. Gbagyi na nan suna noman doya da dawa tun kafin Lugga ya san akwai wani kogi mai wannan suna. In ma Bature ya ga wurin kamar ba kowa, akwai dalili. Ƙarni na 19 ƙarni ne na hare-haren kamun bayi a ƙasar Gwari, musamman daga Kwantagora ta su Nagwamatse. Mutumin da ake farauta ba ya gina gari a fili, kurmi yake shiga ko ya hau dutse.

Ba ina cewa abin da ya faru da Gbagyi daidai yake da na Cheroki ba. Ba a kora su tafiyar mil ɗaruruwa ba, ba a jera mutane an yi tsere a kan gonakinsu ba. Nasu a hankali ya zo. Yau a ce ana son nan don tasha, gobe don bariki, jibi don masana'anta, su kuwa su ɗaga su ƙara gaba. Da aka tsayar da Abuja a matsayin sabon babban birnin tarayya a 1976, su ne dai aka sake cewa su matsa. Ƙabila ɗaya, manyan birane biyu a kan gonakinta cikin shekara 60.

Mahaifina yana da wani aboki Bagwari da suka yi aiki tare a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, mu muna kiransa Baba. Wata rana ina ɗan shekara goma sha wani abu, ya ɗauko ni a bayan kekensa za mu kasuwa, muka bi ta gefen wata doguwar katanga. Sai ya rage gudu ya nuna da haɓa, ya ce, "Ɗana, ka ga nan? Duk doya ce. Gonar babana ce, daga nan har bakin rafi." Na ce, "Baba, to ina gonar ta tafi?" Ya yi dariya ya ce, "Tana nan a ƙasa, ba inda ta je. Yanzu ni nake shiga da katin shaida." Bai faɗa da fushi ba, ya taka kekensa muka wuce.

Harshenmu ma ya ajiye shaida, in za mu saurare shi. Tumatir da tattasai da albasa, me muke ce musu? Kayan gwari. Wato mun san wanda ya ciyar da gari. Amma kuma idan mutum na magana ba kan gado sai mu ce yana gwaranci, in muna so a yi mana bayani dalla-dalla sai mu ce a yi mana gwari-gwari. A finafinanmu na barkwanci, in ka ga Bagwari to an kawo shi ne ya karya Hausa a yi dariya. Na san akwai wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, kuma ba laifi ba ne a yi raha. Sai dai in mutum bai taɓa fitowa a fim ɗinka ba sai a matsayin abin dariya, to ka ajiye shi ne inda kaboyi ya ajiye Ba'indiyen daji. Alhali matar da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali mai ginin tukwane, 'yar wannan ƙabila ce.

Zango na biyu na cikar tsallakenmu masana'antu ne suka kawo shi. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri. Sai Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960. Aka kafa masana'antar kayan soja a 1964, kamfanin haɗa motar Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai ta zo a 1980. Wannan shi ne namu neman zinarin. Tibi da Idoma da Igala da Bajju da Katab da Angas da Barebari, kowa ya ɗauko akwatinsa ya hau jirgi. In jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, kekuna ne za ka ga sun cika titi kamar fara. A gidan hayar da na girma ɗaki takwas ne, ƙabila shida, rijiya ɗaya. Ranar Sallah tuwonmu na zagaya ɗakuna, ranar Kirsimeti shinkafarsu na shigowa namu. Makera da Nasarawa da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha da Talbijin duk a wannan zamani suka tumbatsa.

Masu kallon kaboyi sun san abin da ke faruwa da gari idan zinari ya ƙare. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran ma suka bi sahu. A daidai wannan tsakani ne kuma rikicin Fabrairu 2000 ya auku, aka maimaita a watan Mayu, sannan na Nuwamba 2002. Wanda ya ga waɗannan ranaku ba ya son a tuna masa. Bayan ƙura ta lafa, sai aka shiga kwasar kaya. Musulmi da yawa suka bar kudu suka tsallaka arewa, Kirista da yawa suka bar arewa suka tsallako kudu. Kogin da a da wurin wanki da kamun kifi ne ya zama iyaka, har wasu na kiran ɓangare ɗaya Makka, ɗayan Kudus. Maƙwabtan da suka yi shekara 30 suna aron gishiri a hannun juna, yanzu sai a waya. Daga baya an ƙara gina gadoji, mota na wucewa, amma kowa ya san inda zai nemi ɗakin haya da inda ba zai nema ba.

A cikin wannan hali ne za ka ji matasa, ta kowane ɓangare, suna gardamar wai su wa ke da Kaduna. Yaron da aka haifa bayan 2000 bai san wata Kaduna ba sai rababbiya, ya ɗauka haka Allah ya halicce ta. Ba wanda ya gaya masa cewa kakansa da kakan wancan da yake harara wataƙila a tarago ɗaya suka iso, kuma su duka wani suka tarar yana huɗar doya. Wannan ne ya sa nake ganin labarin kafa garin ya wuce abin nishaɗi. Wanda ya san shi ma saukowa ya yi daga jirgi, bakinsa zai yi nauyi wajen ce wa wani baƙo.

An yi bikin cikar Kaduna shekara 100 a Disamba 2017, aka yi hawan daba, aka watse. Ni a nawa ganin, marubuta da 'yan fim ne ke da sauran aikin. Mun taɓa yin irinsa. Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki a kan zuwan Turawa tun a shekarun 1930. Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976. Su ma Turawa sun zo nan garin sun ɗauki fim a kan Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, ya fito a 2006, duniya ta kalla. Me zai hana mu?

Na san amsar furodusoshi: kasuwa soyayya take so, kuma fim ɗin tarihi cin kuɗi gare shi. To, wa ya ce babu soyayya a nan? Ga saurayi an kawo shi aikin diga a 1926, ga budurwa Bagwariya mai kawo doya tasha, ta ɗauko kayanta a kafaɗa kamar yadda matansu ke yi. Ga ubanta da aka ce ya tashi daga gonarsa, ga tafinta mai cin ta ko'ina, ga Baturen reluwe da ke son a gama aiki kafin damina. In wannan bai isa labari ba, ban san me zai isa ba. Wurin ɗauka ma ba sai an gina ba. Tsohuwar tashar tana nan, gadar ƙarfe da Lugga ya gina a Zungeru a 1904 aka kwaso ta zuwa Kaduna a 1954 tana nan a lambun Gamji. Takardu na nan a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke cikin gari. Marubuci ma ba ya bukatar ko sisin furodusa, biro da takarda sun ishe shi.

Roƙona ɗaya ga duk wanda zai ɗauki wannan aiki: kada ya fara labarinsa daga ranar da jirgi ya iso. Ya fara daga daren da ya gabace ta, a wani ƙauye cikin kurmi, mutane na hira da harshensu, suna jin wata ƙara daga nesa ba su san ko ta mece ce ba. A ba su suna, a ba su magana, a nemo 'yan wasa daga cikinsu. Kuma a hanzarta, domin tsofaffin da suka ji labarin daga bakin waɗanda suka gani suna ta ƙarewa, a Kurmin Gwari da Makera da Kakuri Hausa. Kowane ɗayanmu na da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Wanda ke da kaka ko kakan da ya rage, ya je ya gaishe shi a wannan makon, ya tambaye shi ta ina suka shigo garin nan, kuma wa suka tarar.

Allah ya zaunar mana da garinmu lafiya, amin.